Taurarin 'Yar Tela

A ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da tsofaffin littattafai, akwai wani ɗan lungu da bai fi shimfiɗar tabarma ɗaya ba. A nan Mai Laima ya shekara arba'in da uku yana zaune. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa. Ko a asibiti aka kira shi da shi, sai ya waiga ya ga wa ake nufi. Kayan aikinsa ba su cika gwangwani biyu ba: filaya, almakashi, ƙullin waya, basilla, allurai da baƙin zare. A bayansa kuwa gawarwakin laimomi ne rataye a ƙusoshi, waɗanda yake zare wa haƙarƙari yana dasa wa masu sauran kwana.

Yana da wata ɗabi'a da duk titin ya san shi da ita. Duk laimar da aka kawo masa, ko da mariƙi kawai ya karye, sai ya buɗe ta ya fito bakin titi, ya ɗaga ta saitin rana, ya shiga ƙarƙashinta ya ɗaga kai. Wannan dai aiki ne, don huda komai ƙanƙantarta ba ta ɓuya wa rana. Abin da ke ba masu laima haushi shi ne daɗewar da yake yi. Mutum na tsaye yana duba agogo, motarsa na shirin tashi, shi kuwa Mai Laima ya saki baki yana kallon ɗigon haske uku a jikin baƙin yadi, har sai mai agogo ya ƙwanƙwasa gilashin akwatinsa ya ce, "Maƙwabci, sauko, ana jiran ka a ƙasa."

Laifin ubansa ne. Uban mai gadi ne a wani sito na katako, mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan benci yana kallon sama saboda babu wani abin kallo. Shi ya gaya masa, tun yana ƙarami, cewa sama ƙatuwar laima ce baƙa wadda aka kifa wa duniya, bayanta kuma haske ne zalla, babu farko babu ƙarshe. Laimar ta tsufa, ta huhhuje, shi ya sa hasken ke yoyo. Ya tambayi uban wa zai ɗinke ta. Uban ya ce, "Kai, rufe bakinka. Kar Allah ya kawo mai ɗinkewa." Sai ga shi ɗan ya tashi bai iya wata sana'a ba sai toshe huda.

Da ya girma bai tsaya a maganar uban ba. Duk baƙon da ya zauna a kan ɗan bencinsa yana jiran gyara, sai ya sha tambaya. "A wajenku me ake ce da farar hanyar nan da ta ratsa sama?" Wani direban babbar mota ya ce masa nono ne ya zube tun farkon duniya ba a goge ba. Wata ma'aikaciyar jinya da ta zo daga nesa ta ce kogi ne da ya raba wasu masoya biyu, suna tsaye gaɓa da gaɓa har yau. Wani tsoho ya ce ɓarawon ciyawa ne ya saɓi dami ya gudu, tana zuba a bayansa. Wani kuma da ya yi aiki a jirgin ruwa ya ba shi labarin mutanen da suka ce rana kwalekwale take hawa in ta faɗi, ta bi ta ƙarƙashin ƙasa ta ɓullo gabas. Mai Laima ya kan bar filaya a buɗe a hannunsa yana saurare, sai an tuna masa da aikin.

Na ilimi kuwa a wajen maƙwabcinsa mai littattafai ya tsinta, a shafukan da ruwa ya taɓa ba su sayuwa. Karatunsa na tafiyar hawainiya ne, shafi ɗaya ya kan ci masa yini, amma ya kan kai. A nan ya ga cewa masanan da can sun ce sammai ƙwarya ce cikin ƙwarya, duk na gilashi, suna juyawa da duniya a tsakiya. Daga baya wani ya zo ya ɗauke duniya daga tsakiyar ya sa rana. Wani ya sa gilashi a bututu ya leƙa, ya ga wata yana da duwatsu da ramuka, farar hanyar nan kuma ashe taurari ne cunkushe. A ƙarshe aka ce kowace tauraruwa rana ce mai zaman kanta, nisa ne ya mai da ita ɗigo, haskenta ma sai ya yi shekaru a hanya kafin ya iso ido. Ya yarda da wannan, don ya ga masu faɗa sun auna. Amma bai zubar da nonon ba, bai kori ɓarawon ciyawar ba, bai kuma naɗe laimar ubansa ba. Mai gyara ba ya yar da komai, ratayewa yake yi a ƙusa.

Duk wannan tarkace mutum ɗaya yake kai wa, matarsa. 'Yar Tela yake ce mata, don a shagon ubanta ya fara ganin ta ran da ya je neman ragowar baƙin yadi. Telan ya shekara talatin da rasuwa, ita kanta ta yi furfura, amma sunan bai tsufa ba. Ita ke yanka masa fallayen laima takwas-takwas tana haɗawa a keken ɗinkinta, ɗinkin da ko mai hassada bai taɓa samun abin cewa a kai ba. Sai dai da dundumi aka haife ta. Da rana tana zura zare a allura ba ta ko tsayawa, amma da zarar magariba ta kawo jiki, duniya ta rufe mata. Fitila take gani, da wata in ya cika, shi ma dusu-dusu. Tunda take ba ta taɓa ganin tauraruwa ko ɗaya ba.

To ka ji haɗi: mutumin da ba shi da zance sai taurari, da matar da ba ta san kamarsu ba. Bayan cin abincin yamma su kan zauna a barandar ɗakinsu na sama. Sai ya kama tafin hannunta na hagu ya buɗe, ya riƙa dangwala mata da kan yatsa. "Nan jar tauraruwa take, gindin yatsan tsakiya. Ƙasa da ita ga 'yan uku a jere. Ki bi layinsu ta wajen ƙaramin yatsa, ga Kaza da 'ya'yanta. Ki bi ta wajen babban yatsa, ga mai ƙyallin nan da ta fi kowa." Daga nan sai labari ya ɓalle, na nono, na kogi, na gilashi a bututu.

Ita kuwa hamma take yi. "Maigida, ka rufe tagar kicin kuwa?" Ko ta ce, "Da ka san inda almakashina yake kamar yadda ka san inda kazar nan take, da mun huta." Wani lokaci yana tsakiyar bayanin yadda haske ke tafiya sai ya ji numfashinta ya sauya. Ya kan yi dariya, amma abin yana sosa masa rai. Ya riga ya yanke a zuciyarsa cewa haƙuri kawai take yi da shi, irin haƙurin da ake yi da miji mai minshari. Bai daina ba dai, don ba shi da wani tafin hannun.

A shekarar da ta cika sittin da biyu ta fara karo da gefen ƙofa da rana tsaka. Ta kan ajiye ƙwaryar zare a gefenta ta neme ta ta rasa, alhali tana nan. 'Yarsu Auta, wadda ke koyar da kimiyya a makarantar sakandare, ita ta matsa aka je wajen likitan ido. Likitan ya daɗe yana haska fitila, sannan ya ajiye ta ya yi musu magana a hankali. Ciwon da ya hana ta gani da dare shi ne yanzu yake cin ganin rana, daga gefe yana matsowa tsakiya. Abin da ya rage mata kamar mai leƙe ta bakin kwalba ne, bakin kuma kullum tsukewa yake. Babu magani. Watanni ne, ba zai iya cewa nawa ba.

A hanyar gida, Auta na share hawaye da gefen mayafi, Mai Laima na riƙe da gwiwar hannun matarsa yana kauce mata ramuka. Sai da suka kai gindin matakalarsu ta tsaya ta yi 'yar dariya.

"Ni abin da ya fi ba ni haushi," in ji ta, "zan makance ban ga abin nan da ka ishe ni da shi shekara arba'in ba. Wa ya sani ma ko ƙarya kake shara min."

Ta hau sama tana lalubar bango. Shi ya tsaya a ƙasa. Bai san ko wasa take yi ba, don ita komai da wasa take faɗa, amma maganar ta zauna masa a ƙirji ta ƙi motsi.

Kwana biyu bayan haka wata mata ta kawo masa laimar da ta shekara a bayan kabad, asu ya yi mata kaca-kaca. Ya fito bakin titi ya ɗaga ta kamar kullum. Hudoji sun fi ɗari, rana na zubowa ta kowace. Ya tsaya. Mai agogo ya ƙwanƙwasa gilashi har sau uku bai ji ba. Abin da yake ji kawai muryar ubansa ce a kan benci, da wani tunani da ya zo masa a sarari: hasken tauraro ne ya yi wa idon 'Yar Tela kaɗan, hasken rana bai yi mata kaɗan ba.

A can ƙuryar lungunsa akwai wata ƙatuwar laima ta baƙin yadi mai kauri, irin wadda mutum uku za su fake a ciki, wadda wani mai ɗaukar hoto ya kawo gyara shekara goma sha ɗaya bai dawo ba. Ya sauko da ita ya kakkaɓe. Ya je ya sami Auta a makaranta ya ce ta samo masa taswirar taurari, babba, ta gaskiya, wadda masu bututu suka auna.

"Baba, me za ka yi da ita?"

"Ke dai kawo. Kuma in kika gaya wa uwarki, ni da ke ne."

Taswirar da'ira ce a kan farar takarda. Ya raba ta gida takwas da almakashi, daidai da fallayen laimar. Ya buɗe laimar ya kafa ta a ƙasa, ya ɗora kowane yanki a bayan fallensa ya kama da fil. Ta baya mai gyara yake aiki, kowa ya san wannan, don ta ciki haƙarƙari da wayoyi ba sa barin hannu ya sake. Ya kunna ɗan kyandir yana gasa bakin ƙarfe kafin ya huda, don hudar ta tsaya kada zare ya koma ya rufe ta. Basilla ta manyan taurari, allurar ɗinki ta matsakaita, siririyar allura ta ƙanana. Farar hanyar nan kaɗai ta ci masa kwana shida, tsira bayan tsira, har yatsunsa suka yi kanta a kan kanta. Mutumin da ya shekara arba'in da uku yana toshe huda, ga shi yana huda lafiyayyen yadi da hannunsa, yana kuma murmushi. Mai agogo ya gaya wa mai littattafai cewa abin da suka daɗe suna tsoro ya faru, maƙwabcinsu ya zauce.

A gefen laimar ya ɗinka baƙin labule ya zagaye ta har ƙasa, don duhu ya zauna a ciki. Abu ɗaya ya haramta wa kansa: ba zai shiga ƙarƙashinta ya duba ba. Shi ya ga sama har ya gaji. Wannan saman tata ce, ita za ta fara gani. Ranar farko ke nan a rayuwarsa da ya gama laima bai ɗaga ta saitin rana ba.

Ran da ya gama, kwana ashirin da uku da farawa, sararin sama ya riga ya fara nauyi, damina na bakin ƙofa. Da rana ta take tsaka ya ja 'Yar Tela zuwa rufin benensu, inda ake shanya. Ya kafa sandar laimar a cikin bokitin yashi, ya ajiye mata kujera a ƙarƙashi.

"Wai me ye haka, Maigida? Tsufa ne ya fara taɓa ka?"

"Shiga ki zauna. Ki ɗaga kai."

Ta shiga, ya saki labulen. Ya tsaya a waje cikin rana, tsakanin zannuwan maƙwabta, zuciyarsa na bugawa kamar ran da ya fara shiga shagon tela. Shiru. Ya ji kujera ta motsa. Ya ji ta tashi tsaye tana juyawa a hankali, ta juya dama, ta juya hagu. Shirun ya yi tsawo har ya fara jin tsoron ko ya makara.

"'Yar Tela? Kina gani?"

"Ina gani," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. Can kuma sai ta ce, "Amma ka juya ta."

"Na juya me?"

"Saman. Shigo ka gani."

Ya ɗaga labule ya shiga. Duhu ne mai ɗumi, mai warin yadi, a samansu kuma ɗigon haske ne ba iyaka, har numfashinsa ya ɗauke. Ita kuwa ta ɗaga tafin hannunta na hagu kusa da fuskarta.

"Ga jar nan, ko? Ka ce ita ce babbar da ke saman 'yan uku. To na sa ta a gindin yatsan tsakiya. Kaza ya kamata ta faɗo wajen ƙaramin yatsa. Dubi inda take, wajen babba. Mai ƙyallin kuma ta koma wajen ƙarami. Na juya ta ko'ina, ba ta zauna ba. Wannan ba saman da ka ba ni ba ce."

Ya duba. Gaskiyarta. Takardar an zana ta ne yadda mai kallo daga ƙasa zai gani, shi kuwa ya ɗora ta a baya ya huda. Duk wanda ya hau kan laimar zai ga sama daidai. Wanda ke ƙarƙashi kuwa a birkice zai gan ta, dama ta koma hagu. Kwana ashirin da uku, da laima ɗaya tilo, ya yi wa matarsa saman da ba a taɓa yi ba. Kunya ta rufe shi, irin kunyar gwani da ya yi kuskuren ɗan koyo.

Amma wani abu ya biyo bayan kunyar ya ture ta gefe. Ya juyo ya dube ta a cikin ɗigon hasken da ke kwance a fuskarta.

"Ke... dama kina ji?"

"Ji kamar yaya?"

"Duk shekarun nan. Hamma kike yi. Kina tambayar tagar kicin."

"To ba sai an rufe tagar ba?" Ta sauke hannun. "Mai Laima, in na nuna maka ina so, ai tausayina za ka fara ji, ka riƙa rage murya kamar mai gaisuwar mara lafiya. Ni kuwa na fi son ka da surutunka. Babu wanda na manta. Har ɓarawon ciyawar."

Hawaye ya zubo masa, tsoho da shi, ya bar shi ya zuba. Sannan ya ce zai nemo wata laimar ya sake daga farko.

"Wani kwana ashirin ɗin? Ba ni da su, ka sani." Ta kai hannu ta shafa ɗinkin da ya kama yadin da bakin haƙarƙari. "Kai da ka ƙare rayuwarka kana gyara laimar da iska ta juya. Warware yadin za mu yi mu kifa shi, baya ya koma ciki. Ɗinki zai fito waje, ya yi muni, amma wa zai hau sama ya duba?"

Kafin su sauko da laimar hadari ya haɗo daga gabas. Aka tsuge da ruwa a yammacin nan, aka kuma wayi gari da shi. Layi ya kafu a bakin lungun Mai Laima, kowa da karyayyar laimarsa yana ɗiga. Wannan ne lokacin da ya saba jira duk shekara, amma bana kallon gajimare yake kamar ya kai musu duka. A gida 'Yar Tela ta hana shi taɓa yadin. Ita ta warware shi da kan allura, da lalube, ta cire labulen, ta kifa, ta sake kama kowane tsini da zare ninki huɗu, ta mayar da labulen. Yatsunta ba su nemi taimakon ido ba. Cikin kwana biyu ta gama, sai jiran rana.

Rana ta ƙi fitowa. Kwana huɗu, kwana biyar. A na shida yana zaune ta zuba masa shayi, ya ga ruwan ya sauka a kan tebur gefen kofin, ita ba ta sani ba sai da ta ji ɗumi a hannunta. Auta ta zo da babbar tocila aka gwada a ɗaki, amma hasken bai kai ba, inuwa kawai uwar ta gani. Kowace safiya kafin ya wanke fuska sai ya leƙa taga, ya ga toka-toka daga wannan gefe zuwa wancan. Bai taɓa sanin mutum zai iya jin haushin ruwan sama haka ba.

A rana ta goma, da hantsi, yana ɗaure wa wata laima haƙarƙari sai ya ga inuwar filayarsa ta fito a kan benci. Ya ɗaga kai. Gajimare ya tsage, shuɗi ya leƙo. Ya ajiye laimar mutane a buɗe, ya bar mutum biyar a tsaye, ya faɗa titi. Masu shaguna sun daɗe suna ba da labarin ranar da suka ga Mai Laima yana gudu, yana fantsama ruwan kwata, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

Ya tarar da ita ta riga ta hau rufin da kanta, ta ji ɗumin rana a bango. Ta rungume laimar tana jiran sa. Suka kafa ta a jiƙaƙƙen yashi, suka shiga tare, ya saki labule.

Yanzu ganin nata bai fi faɗin kwabo ba. Ba ta iya ɗaukar saman gaba ɗaya, sai kaɗan-kaɗan. Ya tsaya a bayanta ya riƙe kanta da hannu biyu yana juya shi a hankali. Ya ce mata masu bututun ma haka suke yi, gutsure-gutsure suke kallo, ba wanda ya taɓa haɗiye ta a loma ɗaya. Ta ga jar tauraruwa, wadda ba ja ba ce a nan, amma ta ce ta gane ta. Ta ga 'yan uku. Ta bi farar hanyar daga wannan gefe zuwa wancan, ta daɗe a kanta, sannan ta ce ita dai ta fi yarda da mai maganar nono. Daga nan ya karkata kanta wajen ƙaramin yatsa.

"Ga ta," in ji ta. "Ga Kazar." Ta ƙirga da leɓe. "Shida. Ba ka ce mutane ko'ina bakwai suke cewa ba, wai ɗaya ta ɓata?"

"Shida yawancin idanu ke gani. Shida na huda."

Ta zare allurar da ke maƙale a bakin mayafinta, wadda ba ta rabuwa da ita, ta miƙa hannu sama ta lalubi wurin ta tsira. Wani siririn haske ya sauko, a karkace, ba inda wata taswira ta ce ba.

"To ta dawo gida," in ji ta.

Sun yi kusan awa a ciki, gumi na bin su, ba wanda ya ce a fita, har gajimare ya sake rufewa taurarin suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Bayan wannan ta sake shiga sau huɗu. A na biyar ta zauna ta ɗaga kai, ta jira, sannan ta ce masa ya naɗe kawai.

Ya naɗe laimar ya ɗaure ta ya tura bayan kabad, don kada hannunta ya taɓa ta ranta ya ɓaci. Ya daina zancen sama. Bayan cin abincin yamma su kan zauna a baranda shiru, shi yana kallon ƙasa. Mako biyu aka yi haka. Wata yamma ta yi tsaki.

"Wai mutuwa aka yi ne a gidan nan? Ka ga abin da na ce maka, ka fara rage murya."

"Na ga kamar ba..."

"Saurara, Maigida. Ni da duhu mun daɗe tare. Shekara sittin da biyu, ɗaki ne babu komai a cikinsa, ko ƙusa. Yanzu an ce in tare a ciki gaba ɗaya, sai na tarar ka riga ka yi min jere. Ko'ina na juya suna nan, ba ruwansu da hadari, ba ruwansu da rana. Kai ne ma abin tausayi, da sai ka jira gari ya yi duhu." Ta miƙo hannu tana lalube. "Kawo hannunka. Na hagu."

Ya ba ta. Ta buɗe tafin, mai kanta da tabon allura, ta shafa shi ta daidaita a kan gwiwarta. Ta dangwala gindin yatsan tsakiya, ta sauko ta yi uku a jere, ta bi layin zuwa wajen ƙaramin yatsa ta yi shida. Sannan ta ɗan matsa gefe ta dangwala ɗaya.

"Wannan ba ta cikin littafin maƙwabcinka," in ji ta. "Rufe ido in ba ka labarinta."

Mai Laima ya rufe ido. Tagar kicin na buɗe, ba wanda ya tashi ya rufe ta.